Idan Mai Yawon Shaƙatawa Bai Dawo Gida Ba, Alhakin Wa?



Duk wanda ya zauna a zango, ko a Nima ne ko Sabon Zango a Ankara, ko kuwa Aboabo a Kumasi, ya san abin da kan biyo bayan Sallah. Tun ana saura makonni ƙungiyoyin samari da 'yan mata ke karo-karo, a ɗinka anko, a kama hayar bas, a dafa shinkafa da wake, kashegarin Sallah ko bayan kwana biyu a ɗunguma zuwa bakin teku, ko wani tafki, ko magangarar ruwa. Makarantu ma sukan kwashi ɗalibai zuwa irin waɗannan wurare da sunan yawon buɗe ido. Abu ne mai kyau, domin yaron da ya tashi a lungun da ko filin ƙwallo babu, ya cancanci ya fita ya ga faɗin ƙasar da aka haife shi a cikinta. Sai dai wani lokaci motar da ta tafi da mutum 40 takan dawo da 39, gidan da aka yi girkin Sallah jiya a wayi gari an shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofarsa.

A irin wannan zaman makoki za ka ji magana iri uku. Wani dattijo ya ce, "Wa ya aike shi? Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa." Wani matashi ya ce, "Ina hukuma take? Kuɗin ƙofa kaɗai suka iya karɓa." Na ukun kuwa ya kashe maganar da cewa kwana ne ya ƙare, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa. Daga nan a yi addu'a a watse, baɗi a maimaita. Babu mai jayayya da ƙaddara, amma ko direban da ya fito da mota ba birki, idan ya kashe mutum, ana yi wa dangin mamacin ta'aziyya kuma ana tuhumar direban, ɗayan bai hana ɗayan ba.

Ni a ganina, dattijon nan da matashin nan kowannensu yana da gaskiya a wani wuri, ba shi da ita a wani wuri. Abin da zai raba mana gardamar tambayoyi biyu ne. Ta farko, wa ya san da hatsarin, ko wa ya kamata ya sani? Ta biyu, wa ya zaɓi shiga cikinsa, kuma shin ya kai munzilin zaɓa wa kansa? Duk inda amsar ta faɗa, to nan alhaki ya faɗa.

Mu fara da abin da ya auku a Kintampo, wanda har yau ba a manta da shi ba a ƙasar nan. Magangarar ruwan Kintampo tana kan kogin Pumpum, 'yar tafiya kaɗan arewa da garin, a gefen hanyar da ta tashi daga Kumasi zuwa Tamale. Ruwan yana gangarowa hawa uku, kuma inda yake zubowa daga tsayin wajen mita 25, a nan ne jama'a ke taruwa suna wanka. Ranar Lahadi 19 ga Maris, 2017, aka yi hadari da iska mai ƙarfi, wata ƙatuwar bishiya ta tumɓuke daga sama ta faɗo kan masu wankan. Aƙalla mutum 18 suka rasu, fiye da 20 suka ji rauni, yawancinsu kuwa ɗaliban wata makarantar sakandare ce ta Wenchi da suka zo yawon buɗe ido. Sai da aka sa zarto mai inji aka yanyanka bishiyar kafin a ciro waɗanda ta danne. Hukuma ta rufe wurin, aka yi gyare-gyare, sa'an nan aka sake buɗe shi kafin ƙarshen shekarar.

To, a nan wa zai iya buɗe baki ya ce "wa ya aike su"? Yaran nan sun biya kuɗin shiga, sun bi matakalar da aka gina domin a bi, sun tsaya inda kowa ke tsayawa. Baƙon da ya zo na yini ɗaya ba shi da hanyar sanin ko saiwar bishiyar da ke samansa ta saki, ko kuma yadda iska kan yi a wannan kwazazzabo idan hadari ya taso. Ba ina cewa wani ya ga bishiyar za ta faɗi ya yi shiru ba, domin iska mai ƙarfi takan kayar da ko lafiyayyar bishiya. Abin da nake cewa shi ne, wanda ke riƙe da wuri kullum, yana yanka tikiti, shi kaɗai ke da damar zagayawa ya duba itatuwa kafin damina, ya sare mai barazana, ya kuma ajiye mutum da usur wanda zai fitar da kowa daga ruwa da zarar gabas ta yi baƙi. Duk wanda ya karɓi kuɗin ƙofa ya karɓi amana tare da kuɗin. A irin wannan wuri matashin da ya ce "ina hukuma take" shi ne mai gaskiya.

Yanzu mu sauko bakin teku, inda al'amarin ya ɗan bambanta. Gaɓar tekun ƙasar nan ta fi kilomita 500, kuma yawancinta babu mai gadi. Abin da ya fi cin mutane a teku wani irin ruwa ne mai ja, wanda da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin bayaninsa ba. Igiyoyin ruwa suna tunkuɗo ruwa zuwa gaɓa ba ƙaƙƙautawa, ruwan nan kuwa dole ya nemi hanyar komawa. Sai ya taru ya ratsa ta wani tsukukun gurbi a cikin yashi, ya zama kamar ƙorama mai gudu zuwa cikin teku. Gudunsa kan kai mita 2 a daƙiƙa ɗaya, har ya wuce, wato ya fi ƙarfin gwanayen iyo na duniya. Abin takaicin shi ne, daidai wurin ne ya fi kama da kwanciyar hankali, domin igiya ba ta fashewa a nan, ruwan ya fi duhu, ya yi lumui, sai baƙo ya ce ga wuri mai daɗin wanka. Idan ruwan ya ɗebe shi sai ya ruɗe, ya dinga kokawa da shi yana son komawa gaɓa kai tsaye, har ƙarfinsa ya ƙare. Alhali kuwa dabarar ita ce kada ka yi jayayya da shi, ka kwanta rigingine a kan ruwa ka ɗaga hannu neman taimako, ko ka yi iyo a gicciye, wato daidai da tsawon gaɓa, har ka fita daga ƙoramar, domin ba ta da faɗi sosai.

Yaron da ya koyi iyo a kududdufi ko a rafin garinsu bai san wannan ba, shi ya sa ake cewa gwani ruwa kan ci. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2024 ya ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, fiye da 9 cikin 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki asara. Saboda haka a bakin teku ma nauyin farko na hukuma ne da masu wuraren shaƙatawa: a kafa tuta a nuna inda aka yarda a yi wanka, a sa masu gadin ruwa waɗanda suka san aikin, a kafa allon gargaɗi da zane da kuma harsunan da jama'a ke ji, har da Hausa, domin allon da aka rubuta da Turanci zalla bai gargaɗi wanda ba ya karanta Turanci ba.

Amma fa idan an kafa tutar, an busa usur, mai gadi ya yi magana, sa'an nan ƙato mai gemu ya ce shi sai ya wuce don ya burge 'yan mata, ko ya afka ruwa bayan ya sha ƙwaya ko barasa, to nan dattijon makoki ne mai gaskiya. An sanar da shi, ya ji, ya zaɓa. Kowa ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba. Babu gwamnatin da za ta iya ajiye ɗan sanda a bayan kowane baligi, kuma ba ma fatan zama a ƙasar da ake yin haka.

Wannan ya kawo mu ga tambaya mai wuya, wadda ƙasashen da suka riga mu nisa a harkar yawon duwatsu da teku suka daɗe suna gardama a kanta: idan mutum ya jefa kansa da gangan, wa zai biya kuɗin ceto shi? Ga misali daga ƙasar Jafan. A watan Afrilu na 2025 wani ɗalibi ɗan shekara 27 ya hau dutsen Fuji, mai tsayin mita 3,776, a lokacin da ba a buɗe hanyoyin hawa ba, domin daga Yuli zuwa farkon Satumba ake hawansa. Ya kasa saukowa, aka tura jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko shi. Bayan kwana 4 sai ya sake komawa neman wayarsa da ya bari a can, ciwon ƙarancin iska na saman dutse ya kama shi, aka sake fita aka sauko da shi. Mutanen ƙasar da yawa suka fusata, suka ce irin wannan sai ya biya daga aljihunsa.

Akwai inda aka bi wannan ra'ayi. A jihar New Hampshire ta Amurka, tun 2008 doka ta ba hukuma ikon bin mutum kuɗin ceto idan aka tabbatar sakacinsa ne ya jawo. A 2015 kuma suka fito da wani kati da aka fara sayarwa dala 25, wanda in ka saya ba za a bi ka kuɗin ba, sai fa in gangancin ya yi yawa. A Faransa, inda jandarmomi ke ceton masu hawan dutse kyauta, magajin garin Saint-Gervais, Jean-Marc Peillex, ya fito a watan Agusta na 2022, lokacin da zafi ya sa duwatsu ke ta ɓarewa suna gangarowa a hanyar hawa Mont Blanc, ya ce duk mai taurin kan da ya nace sai ya hau, to ya ajiye yuro 15,000, wato 10,000 na ceto, 5,000 na jana'iza. Maganar ta tsaya a matsayin jan kunne, amma ta nuna irin gajiyar da mahukunta suka yi.

Abin lura shi ne, su masu aikin ceton da kansu, waɗanda su ne ke sa rai a hatsari, yawancinsu ba sa goyon bayan cajin kuɗi. Ƙungiyar RNLI mai jiragen ruwan ceto a Birtaniya, wadda aka kafa a 1824, da gudummawar jama'a take aiki, yawancin matuƙanta 'yan sa-kai ne, ta ceci rayuka fiye da 140,000, kuma ba ta karɓar ko sisin kwabo daga wanda ta tsamo, mai hankali ne ko wawa. Ƙungiyoyin masu ceto a duwatsun Amurka ma sun daɗe suna adawa da cajin. Hujjarsu ita ce, mutumin da ke tsoron bashi yakan jinkirta neman taimako har dare ya yi, ko yanayi ya ƙara ɓaci, sai aikin da zai zama na sa'a ɗaya ya koma na kwana biyu, mai ceton ma ya shiga uku.

Wannan hujja ta fi ƙarfi a wurinmu, inda talaka tun asali yake ɗari-ɗari da duk abin da zai haɗa shi da ofis. Idan samari suka san cewa kiran taimako zai jawo musu kuɗin da ba su da shi, ko kwana a caji ofis, to za su tsaya shawara alhali abokinsu yana nutsewa, ruwa kuwa ba ya jiran a gama shawara, mintoci kaɗan sun isa. Don haka ra'ayina shi ne, a ceci kowa tukuna, ba tambaya, ba ciniki. Bayan ya farfaɗo, in an tabbatar ya tsallake hani bayyananne, to a ci shi tara wadda aka riga aka rubuta adadinta a allon ƙofa, kamar yadda ake yi wa mai karya dokar hanya. Ta haka mai ganganci ya ɗanɗana kuɗarsa, kuma ba a tsorata mai neman agaji ba.

Saura masu cewa, "Raina ne, ba ruwan kowa." Irin waɗannan su tuna da abin da ya faru a ƙasar Tailan. Ranar 23 ga Yuni, 2018, yara 12 'yan ƙwallo, masu shekara 11 zuwa 16, suka shiga kogon Tham Luang tare da mai koyar da su, ruwan sama ya cika kogon ya datse musu hanya. Allon da ke bakin kogon ya yi gargaɗin ambaliya daga Yuli zuwa Nuwamba, ruwa kuwa ya zo da wuri a shekarar. Sai ranar 2 ga Yuli masu nutso suka gano su, aka gama fito da su ranar 10 ga wata, bayan dubban mutane daga ƙasashe da dama sun yi aiki dare da rana. Duk sun tsira, amma wani tsohon sojan ruwa, Saman Kunan, wanda ya zo sa-kai, ya rasu a cikin kogon ranar 6 ga Yuli yana aikin kai tulunan iskar shaƙa. Shi bai tafi yawo ba. Haka abin yake ko'ina, duk wanda ya faɗa, wani ne zai bi shi ciki, kuma sau da yawa wanda ya yi tsalle don ceton ɗan'uwansa tare ake tsamo su. Bayan wannan ga uwar da ta dogara da shi, ga ƙannen da yake biya wa kuɗin makaranta. Ran mutum ba nasa ba ne shi kaɗai.

Labarin kogon nan da na Kintampo sun haɗu a wuri ɗaya, wato yara. Yaro ɗan shekara 12 bai kai munzilin a ce ya zaɓa wa kansa ba, ko da kuwa shi ya nace sai ya je. Babban da ya sa shi a mota, malami ne, ko shugaban ƙungiya, ko yaya, shi ya ɗauki zaɓin a madadinsa, kuma shi za a tambaya.

Na san wasu iyayenmu za su ce, to a hana tafiyar gaba ɗaya mana, a huta. Da hani na magani da na goyi baya. Amma yaron da aka hana zuwa bakin tekun da ke da mai gadi, a ɓoye zai sulale zuwa dam, ko ramin da masu fasa dutse suka bari, ko ramukan masu haƙar zinariya na galamsey da ruwa ya cika, inda babu mai gani balle mai ceto. Bugu da ƙari, akwai masu sayar da abinci, da direbobi, da masu ɗaukar hoto, da yawansu 'yan zango ne, waɗanda abincinsu ya rataya a kan waɗannan wurare. Hukumar Lafiya ta Duniya ba hani ta ba da shawara ba, cewa ta yi a koya wa yara 'yan makaranta iyo da dabarun tsira a ruwa, a kuma koya wa jama'a yadda ake ceto ba tare da mai ceton ya halaka ba.

To, ga abin da ke hannunmu, wanda ba ya bukatar jiran gwamnati. Duk ƙungiyar da za ta kwashi jama'a, ta rubuta sunayensu, a ƙidaya kafin a tashi, a ƙidaya kafin a juyo. A tura mutum ya ga wurin tun kafin ranar, ya tambaya ko akwai masu gadin ruwa, in babu a sauya wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A ware manya waɗanda aikinsu a ranar shi ne tsayawa a gaɓa suna kallon yara, ba sa shiga ruwa, ba sa rawa, ba sa latsa waya. A tafi da doguwar igiya da galan rawaya ɗin nan da ake yi wa laƙabi da galan Kufuor, babu komai a cikinsa, a toshe bakinsa da kyau, domin in aka jefa wa mai nutsewa zai riƙe shi a saman ruwa, kuma jefa masa abu ya fi a bi shi ciki. Da zarar hadari ya haɗu kowa ya fito, a kuma nisanci gindin manyan itatuwa. Kowa ya riƙe lambar gaggawa ta ƙasa, 112.

Sarakunan zango da limamai da shugabannin matasa kuma suna da ta cewa. Idan Sallah ta gabato, a yi wa jama'a tuni a masallatai da wuraren taro. Wakilanmu a majalisun gundumomi su tambayi masu wuraren shaƙatawa da Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Gana, ina masu gadi, ina allon gargaɗi, yaushe aka duba itatuwa, kuma nawa ne daga cikin kuɗin ƙofa ake kashewa a kan tsaron rayukan waɗanda suka biya. Wanda ya biya tikiti yana da bakin yin wannan tambaya, kuma gara a yi ta yanzu da a yi ihu bayan hari.

A taƙaice dai, mai wuri ya faɗi abin da ya sani ya kuma tsare abin da baƙo ba zai iya gani ba, baligi ya ji gargaɗi ya ɗauki nauyin abin da ya zaɓa, yaro kuwa a riƙe hannunsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Sai wata mai zuwa, in muna da rai da rabon ganawa.